Gaton kabewa ba alkama, ba madara

Wanda ya bar hatsi, ya bar wake da gyaɗa, ya bar nono da sukari, to a Maradi ya bar kusan duk abin da ake zubawa a kwano. Furar rana ta fita, tuwon dare ya fita, koko da ƙosan safe sun fita. Ko kwaɗon zogale, da ido ke gani ganye ne zalla, da ƙuli-ƙuli ake kwaɗa shi, ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ne. Tsarin cin abinci na paliyo ke nan, kuma shi nake bi tun da likita ya auna jinina ya ce sukari ya fara hawa, jiki kuma ya yi nauyi. Ba shi ya zaɓa mini ba. Ni na karanta na kai masa, ya ce in gwada na wani lokaci, da sharaɗin in riƙa komawa awo.

Abin da ya rage mini ba kaɗan ba ne. Akwai nama da ƙwai, akwai kifin tafkin Madarumfa da zogalen Jiratawa, ga yakuwa da kuɓewa, ga dankali da rogo da doya, ga mangwaro da gwaiba in lokacinsu ya yi. Yunwa ba ta dame ni ba. Ranar taro ce ke damuna, ranar da ƴan uwa suka cika gida aka yanka gato. Ina son abin da zan ajiye a tsakiyar tabarma kowa ya sa hannu har da ni, ba a ware mini nawa kwano daban ana yi mini sannu ba.

Ƙanwata da ke aure a Girinsboro, can Karolina ta Arewa inda ƴan Nijar suka taru da yawa, ita ta fara aiko mini da hoton gaton kabewa. Amurkawa suna gasa shi a bikinsu na godiya, ranar Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba, lokacin da kabewa ta cika musu gonaki, mu ma nan kaka ce. Ana shimfiɗa ɓawo siriri na garin alkama da man shanu a gindin kwano da gefensa, a zuba haɗin kabewa da ƙwai da madara da sukari da kayan ƙamshi a ciki, a gasa har ya kama jikinsa. Tsohon abinci ne a wurinsu, don yana cikin littafin girkin da Amelia Simmons ta fitar a 1796. Yau yawancinsu da kabewar gwangwani suke yi, kamfanin Libby's ma tun 1950 yake buga yadda ake haɗawa a jikin gwangwaninsa.

Masu bin paliyo a can sun sa garin almon a madadin alkama, madarar kwakwa ta gwangwani a madadin ta shanu, ruwan zaƙin itacen mapul a madadin sukari. Ƙanwata ta turo mini jerin ta ce, "Yaya, in babu su a Maradi sai ki aika Yamai." Na ce mata a'a. Abincin da sai an yo safarar kayansa daga nisan fiye da kilomita 600 ba zai taɓa zama abincin gida ba, sau ɗaya za a yi shi don hoto a manta. Abin da nake buƙata biyu ne: garin da zai yi ɓawo, da ruwa mai kauri da maiƙo da zai tsaya a gurbin madara. Duka biyun kuwa aya tana ba da su.

Aya ba hatsi ba ce, kuma ba ta da dangantaka da gyaɗa ko wake. Saiwa ce, a jijiyar ciyawa take ƙulluwa a ƙarƙashin ƙasa, don haka a tsarin nan sahunta ɗaya da dankali da rogo. Jihar Maradi ce gidanta a Nijar. Duk wanda ya bi hanyar Cadawa zuwa Agiye bayan damina ya ga yadda ake fama da ita: a ƙone busasshen ganyen, a tone ƙasa, a yi ta tankaɗe rairayi cikin ƙura har ƴaƴan su fito. Aiki ne mai cin ƙirji, kuma duk sanda na sayi tiya guda ina tuna matan da suka wuni a cikin ƙurar nan. Daga nan ake lodin buhunanta zuwa Najeriya, wasu har Sifen, inda mutanen Balensiya ke yin irin nasu kunun aya. Gasa ta ma ba sabon abu ba ne. A Masar, a bangon kabarin wani waziri mai suna Rekmire, wanda ya yi zamani kimanin shekara 3,500 da suka wuce, an zana ma'aikata suna daka aya suna haɗa ta da zuma. Mu kuma ga dakuwa a hannunmu tun kaka da kakanni.

Abin da ya sa ta dace da wannan aiki yana cikin ƙwayarta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata mai ne, irin man da ya yi kusa da na zaitun, sannan tana da sitaci mai yawa, da zaƙinta na kanta. Man shi ke sa ɓawo ya yi taushi. Sitacin kuwa, duk mai sayar da kunun aya ta san in ya ji wuta kauri yake yi ya lalace mata. Abin da ke ɓata wa mai kunu sana'a shi ne ainihin abin da nake nema a cikin gato, domin yana taimakon ƙwai wajen kama haɗin.

Aya iri biyu nake saye. Ƙanana busassu su ne na gari, sun fi zaƙi da ƙamshi. Manya su ne na madara, sun fi ba da ruwa. Ta garin nakan tsince ta a faifai, in wanke ta har sai ruwan ya fita fes, don tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata wa mutum cin gato gaba ɗaya. Sai in shanya ta ta bushe ƙayau, in ɗan soya ta sama-sama a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, ba har ta yi duhu ba. Wurin niƙa akwai abin lura. Injin unguwa gero da masara da barkono yake ci tun safe, saboda haka da sassafe nake aikawa, in ce a roƙi mai inji ya share bakin injin, a kuma ware garin da ya fara fitowa. In an kawo, sau biyu nake tankaɗewa da rariya mai laushi. Garin aya yana da ɗan ƙaiƙayi a harshe saboda ɓawonta, tankaɗe na biyun ne ke rage shi. Ba ya fita duka, kuma ni ba na ganin wannan aibi ne. Ɗanɗanon aya ke nan.

Ta madarar kwana take yi a jiƙe, in sauya ruwan kafin in kwanta, don da zafin garin nan nan da nan take tsami. Da safe sai a markaɗa kofi guda na jiƙaƙƙiyar aya da kofi guda na ruwa, ba fiye ba, a matse a tsumma mai tsabta. Ba kunun sha ake so ba, abin da ake so ya fito da kauri har ya ɗan manne a bayan cokali. Ranar da za a yi gashi ake yin madarar, ba ta kwana. Dusar da ta rage wasu na shanya ta su sa a ɓawo. Ni ba na yi, don mai da zaƙi sun riga sun bi ruwa, abin da ya saura ƙaiƙayi ne. Kaji nake ba.

Sai kabewa, kuma nan ne gato ke gyaruwa ko ya ɓaci. A Babbar Kasuwa ranar Litinin ko Juma'a nake saye, wurin wata dattijuwa da ke yanka ta ɓari-ɓari, don in ga cikinta da idona. Ita ta koya mini zaɓe. "Ɗiyata, ki ɗaga ki ji nauyi," in ji ta, "ki sa farce a baya. In ya shiga, ba ta ƙosa ba, ki bar ta wa masu miya." Wadda ta ƙosa bayanta tauri gare shi, hancinta ya bushe, tsokarta ja ce sosai mai kauri, ba fara-fara mai zare ba. Babbar kabewa ba ita ce mai daɗi ba, sau da yawa matsakaiciya ta fi ta zaƙi.

Kabewa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. In za a yi miyar taushe wannan ruwa alheri ne, a dafa ta ta narke a tukunya. A gato kuwa shi ne abokin gaba, shi ke jiƙa ɓawo ya hana haɗi kamawa. Don haka ba na dafa ta a ruwa ko kaɗan. Raba ta nake yi, in kwashe ƴaƴan in ajiye, in kifa ta a faranti in gasa har cokali ya nutse ba gardama. Gashin yana korar ruwa, yana kuma ƙara fito da zaƙinta. In ta huce in kankare tsokar in dame ta da muciya ko in markaɗa, sannan in ɗaure ta a tsumma in rataye a kan kwano na awa guda ko biyu. Za ki yi mamakin ruwan da zai ɗiga. Kada a zubar, a sa shi a miyar dare. Abin da ya rage a tsumma in an ɗebo a cokali an kifa bai kamata ya zubo nan take ba. Giram 450 nake aunawa, kofi biyu ba cika ba, kusan daidai da gwangwanin Amurkawa mai giram 425.

Ɓawon ba shi da wuya in an yarda cewa ba alkama ba ce. Alkama tana da danƙon da ke sa a murza ta ta miƙe, aya ba ta da shi, saboda haka kada a ɗauko abin murzawa. Ga kwano mai faɗin santimita 23, ina haɗa garin aya giram 200, wato kofi biyu, da sitacin rogo cokali uku, man kwakwa cokali huɗu, ƙwai guda, da ɗan gishiri. Wanda bai samu man kwakwa ba, man kaɗe mai kyau na ci yana yi, kitsen sa da aka narke aka tace ma yana yi, kodayake ƙamshinsa yana fitowa kaɗan. A cuɗa da hannu har ya dunƙule, a zuba a kwanon da aka shafa wa mai, a bi shi da yatsu ana dannawa daga tsakiya zuwa gefe, a daidaita da gindin kofi. A tsattsaga gindin da cokali mai yatsu, a gasa shi kaɗai na minti goma a zafin digiri 175. Wannan gashin farko shi ke hana shi jiƙewa daga baya. A sa ido, domin zaƙin da ke cikin aya yana sa ta yi ja da wuri, tsakanin ja da ƙonewa kuwa ba nisa.

Zaƙin haɗin daga dabino yake zuwa, da ɗan zuma. Na fi son busasshen dabinon arewa, na wajen Agadas, a kan mai laushin da ake kawowa daga Aljeriya, don nasa zaƙin bai da hawa kai. Giram 100 bayan an cire ƙwallo, a jiƙa a ruwan zafi har ya yi laushi, a markaɗa shi tare da madarar aya mililita 200. A zuba a kan kabewar, a ƙara zumar Madarumfa cokali biyu, man kwakwa cokali biyu, ƙwan kaza uku. In ƙwan zabi bai ƙare a kasuwa ba shi na fi so, huɗu a madadin ukun, don ƙwanduwarsa ta fi ba da launi. Kayan ƙamshin duk na teburin mai kayan yaji ne: kirfa ƙaramin cokali ɗaya da rabi, busasshiyar citta ƙaramin cokali ɗaya, gyaɗar ƙamshi kaɗan, kanumfari ƙwaya uku ko huɗu a daka. Kanumfari in ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Gishiri ɗan kaɗan dole ne, shi ke tayar da ɗanɗanon kabewa. A juya a hankali, ba a buga shi yadda ake buga gaton fulawa, don ba a son iska ta shiga. Ni har tacewa nake yi a rariya kafin in zuba a ɓawo.

Mai fur na gaz ya sa a digiri 170, minti 45 zuwa 55, in gefen ɓawon ya fara duhu a rufe shi da takardar alminiyom. Amma yawancin gidajenmu ba fur, kuma ni kaina na fi sabawa da tukunya da yashi. Babbar tukunya ake samu, a zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa uku, a rufe a ɗora a kan gawayi ta yi zafi. In ana son a san ta yi, a barbaɗa ɗan garin rogo a murfin gwangwani a sa ciki. In ya yi ja-ja cikin minti biyar, daidai ne. In ya yi baƙi, a rage wuta a jira. Kwanon gato ba ya zama kai tsaye a kan yashi, a ɗora shi a kan ƙananan duwatsu uku. Garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi. Na saman ne ke gasa haɗin, yana kuma hana tururi taruwa a murfi ya ɗigo a fuskar gato. Kada a yi ta buɗewa, kowace buɗewa zafi take fitarwa.

Lokacin saukewa ne ya fi neman haƙuri da sanin ido. Ƙwai yana kama haɗi ne a wajen digiri 80. In zafi ya zarce haka sai ya takure ya matso ruwa, fuskar gato ta tsage. Don haka ba a jira tsakiya ta sandare. In gefe ya kama ya ɗan taso, tsakiya kuma in an girgiza kwano tana rawa a dunƙule kamar kindirmon da ya kwana a ƙwarya, a sauke. Zafin da ke jikinsa zai ƙarasa. Daga nan a bar shi ya huce awa biyu ko uku, mai firigo ya sa shi ya kwana. Da zafi in aka yanka rushewa yake yi, kuma kirfa da citta ba su gama shiga ba. Ƴaƴan kabewar da aka ajiye a soya su a ɓare a watsa a sama lokacin ci.

Surukata ce ta fi kowa shakka. A wurinta kabewa ta miya ce, in an matsa a dafa ta a ci da ƙuli-ƙuli. Ta ci yanka guda a hankali, ta ce akwai dakuwa a ciki. Na ce, "Inna, aya ce." Ta ce daɗi kam akwai, sannan ta yi tambayar da ta daɗe tana ci mata rai: "To ke, mi gero ya yi miki?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsata ita ce bai yi mini komai ba. Hujjar masu paliyo ita ce noma bai wuce shekara dubu 10 zuwa 12 ba a duniya, jikin mutum kuma ya fi sabawa da abin da aka ci kafin nan, wato naman farauta da saiwoyi da ƴaƴan itace. Boyd Eaton da Melvin Konner suka shimfiɗa wannan ra'ayi a wata mujallar likitanci ta Amurka a 1985, Loren Cordain kuma ya yaɗa shi ga jama'a daga 2002. Akwai abin ɗauka a ciki, amma ban haɗiye shi duka ba. A wani kogo a Mozambik an samu ɓurɓushin dawar daji a jikin kayan aikin dutse da suka kai kimanin shekara dubu 100, wato an san hatsi tun kafin a san noma. Gero kuwa a wannan yanki namu aka fara noma shi, an ga shaidarsa ta kimanin shekara 4,500 a kwarin Tilemsi na Mali, kuma shi ya riƙe iyayenmu a ƙasar da ruwan sama ba ya da tabbas. Ba zan buɗe baki in kira shi guba ba. Ita kanta kabewar da nake gasawa noma ne ya mai da ita haka. A nahiyar Amurka aka fara shuka ta, ta daji ƙarama ce mai ɗaci, kuma ba ta iso Afirka ba sai bayan 1492.

Abin da tsarin ya yi mini shi ne ya raba ni da burodi da taliya da lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu, ya kuma tilasta mini sanin abin da ke cikin kowace loma. Ranar da likita ya ce awo ya daidaita, fura ce farkon abin da zan dawo da shi, ba burodi ba. Na gaya wa Inna haka, ta ce to da sauƙi.

Ga masu ciwon sukari da ke karanta wannan, don Allah a ji ni da kyau. Rashin farin sukari a gaton nan bai sa ya zama magani ba. Dabino sukari ne, zuma sukari ce, aya ma tana da nata, ga sitacin rogo. Kwanon nan yanka takwas ko goma nake yi masa, rabona guda ne, bayan na ci nama da ganye, ba da yunwa ba. Wanda ke shan magani ko yin allura ya tambayi likitansa kafin ya sauya tsarin cinsa. Kuma akwai zuma a ciki, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, ko da an gasa.

Saboda ƙwai da madarar aya, ba ya jure zafi. A firigo yana kai kwana uku a rufe. In babu firigo, ko wuta ba ta zama, a gasa a cinye da zarar ya huce. Kayan haɗin ne ke ajiyuwa. Busasshiyar aya tana yin watanni a buhu in ba ta ji laima ba, kuma lokacin da sabuwa ke shigowa ne ta fi araha. Garin kuwa kada a niƙa da yawa, don mai gare shi, yana saurin sauya wari, na gashi biyu ya isa. Kabewar da ba a fasa ba, mai hancinta, in aka ɗora ta a kan katako a inuwa inda iska ke ratsawa, takan kai ƙarshen sanyi lafiya lau, sai dai a riƙa juya ta ana duba gindinta.